Tafin ƙasa ɗaya kullum: inda aikin littafina na Satiru ya kwana

9 ga Janairu 2024

Yau na rufe babi na huɗu, kalmomi wajen 11,000 ke nan tun Oktoba. Daga yau zan riƙa rubuta inda na kwana da inda na tashi, domin shekara biyu ke nan ina cewa ina rubuta littafi, har ƙawayena sun gaji sun daina tambaya.

Ƙagaggen labari ne na mata huɗu 'yan gida ɗaya, uwa da 'ya da jika da tattaɓa-kunne, daga 1906 zuwa 1980. Tushensa Satiru, ƙauyen nan da ke mil 14 kudu maso yamma da birnin Sakkwato, wanda talakawa da bayin da suka gudo daga rinjin iyayengijinsu suka cika, suka ce su ba sa bin Nasara, ba sa kuma bin wanda ya bi Nasara. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 aka tura musu sojan doki. Suka tare su da gatura da fartanyu da kibau, suka kashe Turawa uku, Hillary da Scott da Blackwood, da sojoji baƙar fata fiye da 20, suka tafi da bindiga mai ruwa. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu da soja fiye da 500, ga dawakin Sakkwato a baya. Mutum wajen 2,000 suka mutu. Mata da yara wajen 3,000 aka koro birni, aka rarraba da yawansu a gidaje. Aka ƙone garin, Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya yi wa wurin baki, kada wanda ya sake gini ko noma a nan.

Bakin nan shi ya kama ni. An saba jin an kori mutum daga gonarsa, wani ya gaje ta. A Satiru gonar kanta aka yi wa hukunci. Sai na tambayi kaina, ƙasar da aka hana ta mutanenta, me za ta yi? Amsar da na ba kaina ita ce littafin: za ta bi su. Yarinya 'yar shekara takwas da aka ɗauko ranar da aka fasa garin, aka raɗa mata Nagode a gidan da aka kai ta, kullum ta farka sai ta tarar da tafin jar ƙasa ɗaya a kan tabarmarta. Bayan ta, 'yarta. Bayan 'yar, jikar. Duk garin da aure ko wahala ta kai su.

21 ga Janairu 2024

Na kai wa Gwaggo babi na biyu, na karanta mata a zauren ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Ta haura tamanin amma kunnenta garau. Da na zo wurin da Nagode ta fara ganin ƙasar, yadda na rubuta shi ne ta ƙwalla ƙara, ta yi baya, gabanta na dukan uku-uku, matan gida suka taru ana salati. Shafi biyu cur na ɓata a kan mamakin.

Gwaggo ta ɗago ta ce, "Kururuwar mi? Mace ta ishe rairai ga shimhiɗatta, tsintsiya ta ka ɗauka."

Na ce, "Gwaggo, ai abin al'ajabi ne."

Ta ce, "Ɗiyar da anka kashe ma uwa da uba gabanta, rairai ka ba ta tsoro?"

Na dawo gida na goge shafin biyu. Yanzu layi uku ne: ta gani, ta share, ta rasa inda za ta zuba don kada uwargida ta ce ƙazama ce, ta tura cikin wata fasasshiyar tukunya a bayan murhu. Ya fi tsoratarwa nesa ba kusa ba. Na koma na bi duk babukan huɗu ina farautar kalmomin "abin mamaki" da "kwatsam" da "ba zato ba tsammani". Na kashe goma sha tara.

Ai haka tsofaffinmu ke ba da irin wannan labari. Wanda ya ce maka kukar bakin rafi tana da mai ita, da muryar da yake faɗa maka farashin gero yake faɗa.

3 ga Fabrairu 2024

Kunya ta kama ni yau. A babi na ɗaya na ɓoye Nagode cikin gonar gero, kara ya rufe ta, dare baƙi ƙirin, dawaki na wucewa. Na so wurin nan ƙwarai. To gero a tsaye ranar 10 ga Maris? A ƙasar Sakkwato? An yi girbi tun Satumba da Oktoba, an kwashe kara an yi darni, dabbobi sun cinye saura, gonaki fayau ake hango mutum daga nesa. Ni da aka haifa a nan na yi wannan kwaɓar, don ido na kan takarda, na manta da taga.

Daren ma ba baƙi ba ne. Na lissafa, ranar ta faɗo tsakiyar Muharram 1324, 'yan kwanaki bayan cika-ciki, wata ya cika fal. Wanda ya gudu ranar nan bai samu duhun da zai rufa masa asiri ba. Na mayar da ita cikin rufewa, a ƙarƙashin damman maiwa, uwarta ta ɗora murfin da hannunta. Farin watan kuma na bar shi yana shigowa ta tsagin murfin.

Gyaran ya jawo wani. Faɗan farko ya zo kwana tara ko goma bayan Babbar Sallah, ke nan akwai sauran soyayyen nama a tukwanen masu hali. Na sa wa yarinyar tsoka biyu a ƙullin zaninta.

14 ga Fabrairu 2024

Shekara 118 yau. Ban rubuta komai ba. Ɗalibaina suna ta zancen ranar masoya.

2 ga Maris 2024

Na dawo daga Kaduna jiya, kwana huɗu a gidan adana takardun tarihi na ƙasa, ina bin fayilolin lardin Sakkwato. Takardun sun yi ja, bakinsu na marmashewa, sai da hannu biyu ake juya su. Razdan Burdon bai jima da barin Sakkwato ba abin ya faru, ya juyo da sauri, Gwamna Lugga kuma yana Zungeru yana neman soja ta ko'ina. Tsoro a fili yake cikin rubutunsu. Shekara uku kacal da cin Sakkwato, Turawan 'yan ƙalilan ne, sun san in sarakuna suka juya, tasu ta ƙare. Sarkin Musulmi bai juya ba. Wanda aka zarga da karkata, Sarkin Gwandu, an tuɓe shi a shekarar.

Abin da na je nema shi ne sunaye. Na Turawan uku na nan da muƙamansu. Na Satirawa kuwa, in ka cire shugabanni, Malam Isa da Ɗan Makaho da 'yan kaɗan, saura adadi ne kawai. Mata 3,000 layi ɗaya suka ci.

Ɗan Makaho shi ne ciwon kaina yanzu. Malami ne makaho, ya tsallako daga ƙasar da Faransa ke mulka, wato Nijar ta yau, bayan an murƙushe boren Kobkitanda a yankin Doso, ƙarshen 1905 zuwa farkon 1906, ya iso Satiru ya tarar da wutar da ta riga ta kama. Tun 1904 mahaifin Malam Isa ya yi da'awar Mahadi, aka kama shi, ya rasu a tsare. An kama Ɗan Makaho bayan yaƙin aka kashe shi a Sakkwato. Ana ba da labarin cewa da ya nemi ruwa wurin shari'a, yaron da ke yi masa jagora ya ce kada a ba shi, in ya sha zai ɓace. Marubuci ya ga irin wannan ai yawunsa sai ya tsinke. A daftarin farko na ba shi komai: layar zana, baduhu, harsashi na zama ruwa a jikinsa.

A mota tsakanin Funtuwa da Gusau na gane ba zai yiwu ba. In layarsa tana ci, me ya kashe mutum 2,000? In na sa harsashi ya zama ruwa a shafi na 40, dole in ƙirƙiro dalilin da ya sa bai zama ba a shafi na 60, wata mace ta karya sharaɗi, ko wani ya ci amana, irin dalilan da kullum ake ɗora wa wanda aka kashe laifin mutuwarsa. Bindiga ce ta kashe su, a fili, da rana. Don haka na ƙwace duk wata karama daga hannunsa. Mutane za su faɗi abin da suka ji game da shi, mai karatu ba zai gani da idonsa ba ko sau ɗaya. Abin da ya fi ƙarfin hankali a littafin nan sai bayan an ci yaƙin zai fara, kuma ba ya ceton kowa.

24 ga Maris 2024

Azumi, zafi, ba wuta. Rubutu ya tsaya, sai karatu bayan asham.

Na ba Kawu babi shida ya duba mini. Malami ne na zaure, ba ya karanta ƙagaggun labarai, ya karɓa ne don ni. Ya kira ni bayan kwana biyar. Ya fara da gyaran da na sa rai: da'awar Mahadin nan ɓatacciya ce, kada in rubuta ta yadda yaro zai ɗauka gaskiya ce. Na ce na ji. Ya ƙara da abin da ban yi tunani ba, cewa kada kuma in mai da su mahaukata, domin jiran Mahadi ba Satiru ta ƙirƙiro shi ba, tun zamanin Shehu ake maganarsa, kuma dubban da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru na Farko gabas har Burmi a 1903 da wannan tunanin suka bar gidajensu. Ya ce bambancin kawai, waɗancan da malamai da 'ya'yan sarauta a gaba, waɗannan kuwa bayi ne da talakawa.

Sannan ya ce, "To ƙasar nan da ke biyo ta, wa ke kawo ta? Aljani ko mi?"

Na ce, "Kawu, ban faɗa ba, kuma ba ni da niyyar faɗa."

Ya yi shiru, ya ce, "To ki samu wani dattijo a ciki ya ce Allahu a'alamu. Kada ki bar wurin hwanko."

Na sa. Wata tsohuwar baiwa ce ta faɗa, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba.

17 ga Afrilu 2024

Wayata ta faɗa bokiti. Mai gyara ya riƙe ta kwana shida ya dawo mini da ita fes, ba komai a ciki. Babi na tara da na goma sun tafi, waɗanda na rubuta da babban yatsa a daren goman ƙarshe. Yanzu kowane dare ina tura wa kaina ta imel.

5 ga Mayu 2024

Na sake rubuta na tara, ya fi na da. Na goma bai dawo ba.

Na tara shi ne na murgu. Sai da na zauna na fahimci dokar kafin in iya rubuta shi. Turawa ba su 'yanta bayi rana ɗaya ba. Sun hana saye da sayarwa, suka ce duk yaron da aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne, sauran kuwa sai su fanshi kansu, su yi aiki su riƙa biyan ubangiji har kuɗin ya cika. Nagode haihuwar 1898 ce, ƙanenta na 1902. Ciki ɗaya, nono ɗaya, takarda ta raba su da shekara huɗu. Na sa ta tana kaɗi da dare tana tara wuri a cikin tukunyar ƙasar, don nan ne kaɗai ba mai sa hannu. Keso ɗaya zambar ashirin ne. Ta kusa cika shi aka sa ta a ɗaka, fansa ta zama ba ta da amfani.

19 ga Mayu 2024

Maigida ya rusa mini ƙarshen littafi da biro a bayan takardar kuɗin wuta.

Tun farko abin da na tsara shi ne, a 1980 ƙasar da matan huɗu suka tara ta kai gona, tattaɓa-kunnen ta baje ta, ta shuka gero, Satiru ta dawo a wani wuri. Ina ba shi labari ina jin daɗi. Shi malamin lissafi ne, sai ya ce tafi nawa a rana? Na ce ɗaya. Ya ce shekara 74 sau kwana 365, tafi 27,010. A ce kowane tafi giram 100 ne, kilo 2,700 ke nan, buhu 27. Ya ce, "Ko lodin tifa ɗaya bai kai ba. In kika baje shi kaurin taƙi ɗaya, mita uku da uku zai rufe. Girman ɗakin girkinki."

Na ce masa labari ne, ba jarrabawa ba. Ya ce to ki mai da shi ƙwarya ɗaya a rana. Na yi fushi na shiga ɗaki.

Kwana biyu ina juya abin. Zan iya ƙara yawan ƙasar, ba mai kama ni. Amma lissafinsa ya fi ƙarshena gaskiya. Mata huɗu, shekara 74, kullum shara, kullum ɓoyo, ɗaukar tukwane daga gari zuwa gari a kan jaki da a jirgin ƙasa, kishiyoyi na cewa mayu ne, abin da ya dawo musu duka bai wuce shimfiɗar tabarma uku ba. Na bar tafin a yadda yake. Gonar geron ta fita daga littafin.

8 ga Yuni 2024

Na je gaishe da Gwaggo, ban je da takarda ba. Muna hira ta ce littafin ya kai ina, na ce an sa Nagode a ɗaka, ta haifi ɗa. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta tambaye ni wa ya ba ni labarin Iya.

Na ce wace Iya?

Kakarta ce ta wajen uba. Ta san ta, tsohuwa 'yar siririya mai ɗakin ƙurya, ta rasu Gwaggo na budurwa. Ba ta taɓa kiran sunan garinsu ba, sai dai ta ce "can". Ba ta zuwa kallon hawan Sallah, ranar da dawaki suka fito ɗakinta take rufewa. Yara na tsokanarta da haka. Sai da Gwaggo ta yi aure wata 'yar uwa ta gaya mata dalili.

"Kakan babanmu shina cikin masu dawaki ranar da anka hwasa Satiru. Shi yaɗ ɗauko ta, ya ba ɗanai da ta girma. Ke jikanyar mai doki ta, kuma jikanyar wadda anka azo bisa dokin."

Na tambaye ta sunan Iya na yanka. Ta ce wanda aka sa mata a gidan kawai ta sani.

Ban san yadda na tuƙo mota na iso gida ba. Shekara biyu ina rubutu da tunanin ni baƙuwa ce mai tausayi, na tsinci labarin wasu a takardun tarihi. Duk mahayan da ke littafin na yi su gumaka, rawani da mashi, ba fuska. Mutumin da ya buɗe murfin rufewar ban ko ba shi suna ba. Yanzu dole in koma babi na ɗaya in dube shi da kyau, tunda hancinsa ne a fuskata. Me ya gani da ya ɗaga murfin? Ya ɗauka ceto ya yi ko ganima? Ina zargin shi kansa zai ce duka biyun, kuma ya yi sallar azahar ranar nan hankalinsa kwance.

30 ga Yuni 2024

Ruwa ya sauka sosai, an yi shuka. Sabon babi na ɗaya ya kammala, da muryar mai dokin. Ya ci mini mako uku. Ban nuna wa kowa a dangi ba tukuna.

21 ga Yuli 2024

Kashi na biyu ya fi gudu. Jikar Nagode na aure a Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya tsaya tun 1929, garin awon gyaɗa da auduga. Mijinta tela ne, ya shiga jam'iyyar NEPU 'yan shekaru bayan kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. 'Yan doka na kama shi, alƙalin En'e na ɗaure shi, wata uku, wata shida, kan laifin zagin sarki ko taro ba izini. Ita ba ta da ƙuri'a, matan Arewa sai a 1976 suka samu, amma ita ke dafa wa taron abinci, ita ke ɓoye katunan jam'iyya, kun san a ina.

Wata ƙawata marubuciya da ta karanta ta ce in rubuta a bangon littafin cewa labarin juyin juya hali ne. Na gwada kalmar a bakin mutanena, ba ta zauna ba. Takardun Turawa tawaye suka ce. A fada fitina aka ce. Telan nan sawaba yake cewa. Gwaggo ba ta da suna ga abin ko kaɗan, sai "ranar da anka hwasa". Juyin juya hali kalmar rediyo ce da aji, kuma tana nufin wani abu ya juya. A Satiru me ya juya? Na bar kowa da kalmarsa. Bangon littafi sai a yi wannan rigimar daga baya.

Inda nake shakka shi ne babin gado. Uwar ta rasu, 'yan'uwa maza suka ji ana cewa akwai dukiya a tukwane, aka je gaban alƙali. Ya sa aka fasa ɗaya, ƙasa. Ya ce ko ƙasa ce gado ne, namiji kashi biyu, mace ɗaya, aka kawo mudu aka auna. Da safe tukwanen mazan wayam, nata a cike. Masu karanta mini sun yi dariya sun tafa. Shi ya sa nake zarginsa. Ya yi daɗi da yawa, ƙasar ta zama alƙali mai rama wa mata, alhali na riga na ce ba ta ceton kowa. Wataƙila in bar mazan su tafi da rabonsu su zubar a bola, ita ta ci gaba da shara. Ban yanke ba.

18 ga Agusta 2024

Bakolori. Nan littafin zai ƙare, kuma nan na fi jin nauyi, don masu abin suna raye.

An gama madatsar ruwan Bakolori a 1978 a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara. Ruwa ya ci garuruwa da fadamu, aka tashi dubban mutane. Waɗanda ke ƙasan madatsar aka karɓi gonakinsu don a baje a yi hanyoyin ruwa, damina ta wuce ba su yi shuka ba, itatuwan da suka gada aka tumɓuke, diyya ta zo wa wasu ba ta zo wa wasu ba. Manoma suka tare hanyoyi suka tsayar da aiki. A Afrilu 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin ɗaruruwa suke faɗa. A shekarar da aka gama madatsar ne kuma aka yi dokar da ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, kamar yadda ta Turawa ta 1910 ta damƙa ƙasar Arewa a hannun nasu gwamnan. Manomi bai karanta ko ɗaya ba, ya dai ga katafila a gonar kakansa.

Na so in je in zauna da tsofaffi, Maigida ya ce ba da yawunsa ba, hanyar ba ta da tabbas. Sai ga shi abin ya zo har ƙofar gida. Matar da ke mana wanke-wanke 'yar gudun hijira ce daga gabashin jihar nan. Ta ce bara sai da ƙauyensu suka haɗa kuɗi suka kai wa 'yan bindiga kafin a bar su su yi shuka, suka sake haɗawa kafin girbi, bana suka kasa, suka taso. Na tambaye ta gonar fa? Ta ce, "Gona tana nan, Hajiya. Mu ne ba mu nan."

Na rubuta maganar a littafin ajiyata, na daɗe ina kallonta. Zuciyata na cewa in ƙara mace ta biyar, in ja labarin zuwa bana. Na hana kaina. Wannan matar ba ta gama shiga abin ba balle a mai da shi labari, kuma ban tambaye ta izini ba. A 1980 zan tsaya.

22 ga Satumba 2024

Kalmomi 68,000. Saura babi uku, da na goma da har yanzu ke jirana. Babin gado na sake shi, mazan sun zubar da rabonsu.

Tattaɓa-kunnen yanzu tana sabon matsugunin da aka kai su, tudu mai tsakuwa, mijinta bai dawo daga tare hanya ba. Ta fasa tukwanen a bayan ɗaki, ta baje, mita uku da uku, ta yi komi huɗu, ta watsa irin yakuwa. Abin da ya rage shi ne ko ƙasar da aka yi wa baki za ta tsiro. Na rubuta shi ta tsiro, na rubuta shi ba ta tsiro ba. Duka biyun suna cikin kwamfuta, kowanne ya yi mini ƙarya ta wani gefe.

13 ga Oktoba 2024

Ba zan iya rubuta babin ƙarshe ban taka wurin ba. Shekara uku ina zagaye shi, mil 14 daga ƙofar gidana. Wani abokin aikin Maigida ɗan yankin ne, ya ce a bari a gama kwashe amfani, farkon Nuwamba zai raka mu, mu fara gaishe da mai gari mafi kusa kafin komai.

Na je na gaya wa Gwaggo, ina tsammanin za ta hana. Ta ce in tafi da alwala, in yi musu addu'a, kada in ɗauko ko tsinke. Na tashi zan fita ta kira ni.

"In kin komo, ki kakkaɓe takalmanki ƙohwar gida kahin ki shiga."

Gobe zan koma kan babi na goma.